Alƙur'anin Gado: Takardar Ƙarshe Ita Ce Shaida

A gidajen malamai na Dutse da Kiyawa da Jahun, sau da yawa idan an zo rabon gado akan tarar da gafaka, a cikinta da Alƙur'ani rubutun hannu wanda ake cewa na kaka ne ko na kakan kaka. Gona da shanu suna da masu ƙiyasta kuɗinsu. Shi kuwa wannan, ko sayensa ba a cewa an yi, sai dai a ce an fanshe shi. To, da me magada za su san abin da ke hannunsu?

Mutanen Amurka sun daɗe da irin wannan tambaya a kan wani kayan gado nasu, watau ƙwallon besbol, wasan da ake dukan ƙaramin ƙwallo da kulki. Ƙwallo ne da bai fi lemo girma ba, amma da zarar shahararren ɗan wasa ya sa masa hannu sai iyali su adana shi har jikoki. A shekarar 2006 an yi gwanjon wanda Joe DiMaggio da Marilyn Monroe suka sa wa hannu a kan dala 191,200. Saboda yawan jabu, masu saye ba su yarda sai gwanaye sun duba hannun, an kuma faɗi gidajen da ƙwallon ya ratsa.

Ba a haɗa Littafin Allah da abin wasa, wannan kam a fili yake. Amma hanyar tabbatar da asali ɗaya ce: hannun wa, kuma ta wane gida ya biyo?

A nan ƙasar, sa hannun yana can ƙarshen littafi, inda marubuci kan sa sunansa, wani lokaci har da ranar da ya gama. Abin takaici, littattafanmu na dā ba a ɗinke su, takardu ne warwara tsakanin tadarishi, saboda haka ta farko da ta ƙarshe su ne damshi da gara suke fara ci. In ta ƙarshe ta ɓace, sunan ya tafi ke nan, sai labarin baka. Masana kan ɗaga takarda wajen haske: in jinjirin wata guda uku ya bayyana a jikinta, alama ce ta takardar Italiya wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada a ƙarni na 19. Wannan yana nuna zamani, amma ba ya faɗin marubuci.

Har wa yau akwai ɓarnar da ta fi ta gara, watau a karkasa takardun tsakanin magada don kowa ya sami tubarraki. Gara a bar littafin a hannun mutum ɗaya, a rubuta sunayen waɗanda suka riƙe shi a takarda dabam, sa'an nan a ɗauki hoton kowane shafi. Arewa House da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1970, tana da ma'aikata masu wannan aiki.