Yadda ake adana shirin maɓallan Hausa a cikin manhajar rubutu daga zama zuwa zama

1. Gabatarwa

Abajadin Hausa yana da baƙaƙe huɗu masu lanƙwasa waɗanda ba su cikin abajadin Faransanci, watau ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Taron masana da hukumar UNESCO ta kira a Bamako a 1966, da wanda aka yi a Yamai a 1978, sun tabbatar da amfani da irin waɗannan baƙaƙe wajen rubuta harsunan Afirka. A 1999 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a ƙasar. Amma allon madannan da ake samu a ma'aikatunmu, wanda ake kira AZERTY, an shirya shi ne domin Faransanci. Saboda haka mai buga littafin karatun manya ko ƙamus tilas ya ƙera wa kansa hanyar fitar da waɗannan baƙaƙe, ko dai ya ɗora maɓalli a kan jeren kayan aiki da ke saman manhajar rubutu, ko kuwa ya haɗa madannai biyu su riƙa ba shi baƙi ɗaya.

Matsalar da wannan maƙala za ta duba ita ce: sau da yawa akan yi wannan shiri yau, gobe a kunna kwamfuta a tarar babu shi. Idan haka ta yi ta faruwa, mai bugu yakan gaji, ya koma rubuta k a gurbin ƙ, da d a gurbin ɗ. Daga nan sai kafa da ƙafa su zama kalma ɗaya a kan takarda, haka nan baki da baƙi, bari da ɓari, daka da ɗaka. Wanda ya daɗe da karatu yakan gane ma'ana daga jimla. Sabon ɗalibi kuwa, wanda yake bin baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya, abin da aka buga shi zai karanta. Don haka wannan lamari ya shafi masu tsara aikin yaƙi da jahilci kamar yadda ya shafi masu gyaran na'ura.

2. Ma'anar wasu kalmomi

Da jeren kayan aiki muna nufin layin ƙananan hotuna da ke saman shafi, kowane hoto yana tsaye a madadin umurni ɗaya. Da zama muna nufin lokacin da ke tsakanin buɗe manhaja da rufe ta. Uwar takarda ita ce takardar da kowace sabuwar takarda take gadon siffarta. Makuro kuma ɗan gajeren jerin umurni ne da mai aiki yake ajiyewa, na'ura ta riƙa maimaita shi duk lokacin da aka kira sunansa.

3. Inda shirin yake kwana

Kwamfuta tana da ma'ajiya iri biyu. Ta farko ƙwaƙwalwar aiki ce, wadda take riƙe abu muddin akwai wuta. Ta biyu faifai ne, wanda yake riƙe abu ko an kashe na'ura. Duk gyaran da aka yi wa jeren kayan aiki yakan fara zama a cikin ƙwaƙwalwar aiki, kuma ba zai kai zama na gaba ba sai manhaja ta rubuta shi a cikin wani fayil a kan faifai. Wanda ya san sunan wannan fayil, da jakar da yake ciki, da lokacin da ake rubuta shi, ya san rabin maganin matsalar.

3.1. Microsoft Word

Daga Word 97 har zuwa Word 2003, jeren da mai aiki ya ƙera, da haɗin madannai, da makuro, duk sukan shiga uwar takarda mai suna Normal.dot. Matsayin da kowane jere yake tsayawa a fuskar na'ura kuwa, a cikin rajistar Windows ake ajiye shi.

A 2007 kamfanin ya kawar da tsofaffin jeren, ya kawo faffaɗan ziri mai shafi-shafi, tare da wani ɗan ƙaramin jere na umurnin da ake yawan bukata. Tun daga nan ajiyar ta rabu gida biyu. Makuro da haɗin madannai da salon rubutu suna cikin uwar takarda, wadda sunanta ya koma Normal.dotm, a jakar Templates da ke ƙarƙashin AppData da Roaming da Microsoft. Maɓallan da aka ɗora a kan ƙaramin jere kuwa suna cikin wani fayil dabam, mai suna Word.qat a fitowar 2007, da Word.officeUI daga fitowar 2010, a jakar Office da ke ƙarƙashin AppData da Local da Microsoft. A fitowar 2010 ɗin ne kuma aka ba mai aiki ikon gyara zirin kansa, da ikon fitar da dukan shirinsa a fayil guda mai ƙarshen suna exportedUI.

Wannan rabuwa tana da muhimmanci ga masu rubutun Hausa. Maɓallin da yake fitar da ƙ abu biyu ne a haɗe: hoton da ake dannawa, da makuron da yake sanya baƙin a cikin rubutu. Hoton yana cikin fayil ɗaya, makuron yana cikin wani. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗaya zai ga maɓalli a wurinsa, ya danna, babu baƙin da zai fito.

3.2. LibreOffice Writer

Wannan manhaja ta kyauta ce, ta rabu daga OpenOffice.org a 2010. Tana tara shirin kowane mai aiki a jaka guda mai suna user. A cikinta akwai fayil mai suna registrymodifications.xcu, wanda yake riƙe da yawancin zaɓin mai aiki har da haɗin madannai. Akwai jakar basic ta makuro, akwai kuma jakar config, inda ake ajiye kowane jeren da aka gyara a fayil nasa. Tun da kome yana ƙarƙashin jaka ɗaya, kwafin wannan jaka ya isa a mayar da shirin duka.

4. Dalilan ɓacewar shiri

Na farko, zaɓen wurin ajiya. Manhajojin biyu suna tambayar mai aiki inda zai ajiye gyaransa: ko domin dukan takardu, ko domin takardar da ke buɗe kaɗai. Wanda ya zaɓi na biyu zai tarar da maɓallansa duk lokacin da ya buɗe wannan takarda, amma ba zai gan su a wata ba. A nan shirin bai ɓace ba, yana nan inda aka sa shi.

Na biyu, rufewar da ba ta cika ba. Bisa al'ada Word takan rubuta uwar takarda ne a lokacin da ake rufe manhajar. Idan wuta ta ɗauke, ko na'ura ta daskare, ko aka kashe ta da ƙarfi, gyaran da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki ya tafi ke nan. Ana iya adana takardar da ake bugawa sau goma ba tare da an taɓa uwar takarda ba. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan dalili ya kamata a fara dubawa.

Na uku, amsar da mai aiki yake bayarwa. A 1995 aka ga ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Concept, a 1999 kuma wata mai suna Melissa, dukansu sukan ɓuya a cikin uwar takarda su bi kowace sabuwar takarda. Word tana da zaɓin da yake sa ta nemi izini kafin ta rubuta wani canji a uwar takarda, kuma bayan waɗannan annobai masu kula da na'urori da yawa sun kunna shi. Mai bugun da ba a yi wa bayani ba, in ya ga tambayar, yakan amsa da a'a don tsoro, ya zubar da aikinsa da hannunsa.

Na huɗu, rashin izinin rubutu. Idan an kulle jakar da fayilolin suke ciki, ko an mai da uwar takarda ta karantawa kawai, manhaja ba ta da inda za ta zuba gyaran. Daɗin daɗawa, a ɗakunan kwamfuta na makarantu da wuraren intanet na haya akan sa manhajoji irin su Deep Freeze, waɗanda aikinsu shi ne mayar da faifai yadda yake duk lokacin da aka sake kunna na'ura. A irin wannan na'ura sai mai kula ya janye tsaron, a yi shirin, sa'an nan ya mayar.

Na biyar, sunan mai shiga. Fayilolin da muka ambata na kowane mai aiki ne shi kaɗai. Sakatare biyu masu aiki da na'ura ɗaya, kowa da sunansa, ba za su ga maɓallan juna ba.

Na shida, gyaran na'ura. Idan Word ta ƙi buɗewa, abin da masu gyara sukan fara yi shi ne share uwar takarda ko canza mata suna, domin manhajar takan ƙera sabuwa da kanta idan ba ta sami tsohuwar ba. Haka ake yi wa jakar user a LibreOffice. Manhaja takan warke, amma sabuwar uwar takarda ba ta san ɓ ko ƴ ba.

5. Hanyar da za a bi

Mataki na ɗaya shi ne a tabbatar baƙaƙen da maɓallan suke fitarwa na tsarin Unicode ne, wanda ya fara fitowa a 1991 ya ba kowane baƙi lamba tasa. Lambobin su ne: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198, ƴ 01B4, Ƴ 01B3. Kafin yaɗuwar wannan tsari an yi ta ƙera zanen baƙaƙe na musamman, inda aka ɗora baƙi mai lanƙwasa a gurbin wani baƙin da Hausa ba ta amfani da shi. Rubutun da aka yi da su yakan rikice da zarar ya shiga na'urar da ba ta da wannan zane. Zanen da ƙungiyar SIL take bayarwa kyauta, irin su Charis da Doulos da Andika, suna ɗauke da baƙaƙen Hausa duka a kan lambobinsu na gaskiya, kuma an tsara Andika musamman domin masu koyon karatu.

Mataki na biyu, a yi shirin ana zaɓen dukan takardu a matsayin wurin ajiya. Da an gama a rufe manhajar nan take, a amsa da i idan ta nemi izini, a sake buɗe ta a gwada baƙaƙen takwas. Sa'an nan a kashe na'ura a kunna, a sake gwadawa. Gwajin farko yana nuna an rubuta fayil, na biyu yana nuna babu abin da yake share shi.

Mataki na uku, a ɗauki kwafi. A Word a kwafi Normal.dotm bayan an rufe manhaja, a kuma fitar da fayil na exportedUI. A LibreOffice a kwafi jakar user ɗungurungum. A ajiye su a wajen na'urar, a rubuta kwanan wata a jikinsu. A lura cewa shigar da exportedUI a wata na'ura yakan maye gurbin duk gyaran zirin da ke can.

Mataki na huɗu ya shafi ma'aikatar da take da na'urori da yawa. Maimakon a dogara ga uwar takarda, ana iya zuba makuro da haɗin madannai a wata takardar zubi dabam, a sa ta a jakar STARTUP ta Word. Duk abin da ke wannan jaka manhaja takan ɗauke shi a farkon kowane zama, kuma share uwar takarda ba ya taɓa shi. Fayil guda aka shirya a Yamai zai yi aiki iri ɗaya a Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Ya kamata kuma kowane mai bugu ya san mafita ta gaggawa: a manhajojin biyu, idan aka rubuta lambar baƙi aka danna Alt tare da X, lambar takan juye ta zama baƙin. Ɗan katin da aka rubuta lambobin takwas aka manna kusa da na'ura ya isa ya hana aiki tsayawa.

6. Iyakar wannan hanya

Maɓallin da aka ɗora a manhajar rubutu a cikinta kaɗai yake aiki. Ba ya biyo mai aiki zuwa wasiƙar intanet, ko jadawalin lissafi, ko manhajar harhaɗa ƙamus. Inda aiki ya shafi waɗannan duka, ya fi kyau a sa tsarin madannai a kan na'urar kanta, alal misali da manhajar Keyman, wadda ita ma ta SIL ce kuma kyauta ce. A bar wa jeren kayan aiki abubuwan da suka shafi shafi, kamar salon kanun darasi, da girman baƙi na littafin farko, da tazarar layi.

7. Kammalawa

Abin da ya rage na masu tsara aiki ne. Ya kamata cibiyar da take kula da littattafan Hausa ta tsayar da haɗin madannai iri ɗaya domin baƙaƙen takwas, ta shirya fayilolin sau ɗaya, ta raba su tare da zanen baƙaƙe da takardar bayani ta shafi guda. A kowace ma'aikata a ɗora wa mutum ɗaya alhakin riƙe kwafin, da mayar da shi bayan kowane gyara. A sa gwajin rufewa da buɗewa a cikin darussan horar da masu bugu, a kuma ƙi karɓar na'ura daga hannun mai gyara sai an ga baƙaƙen takwas sun fito. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kwafin da ake ɗauka cikin ƴan mintoci ya fi sauƙi a kan bin littafi shafi-shafi ana mayar wa kowace ƙ lanƙwasarta.