Ƙwaron Da Ke Cinye Wake Da Masara A Rumbu: Yadda Ake Gane Shi

Daga Shika zuwa kasuwannin Samaru da Sabon Gari, manomi kan adana amfaninsa bayan kaka yana jiran farashi ya tashi, sai ya kwance buhu ya tarar da huji da gari. Masu wannan ɓarna iri-iri ne, kowanne da alamarsa.

Ƙwaron wake, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus, tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Launinsa ruwan ƙasa ne, ba shi da dogon baki, kuma fukafukansa ba sa rufe ƙarshen cikinsa. Macen na manna ƙwai a fatar wake, a gan su kamar fararen ɗigo. Tsutsar na girma a cikin ƙwaya, ta fito ƙwaro bayan mako 3 zuwa 4, ta bar huji zagayayye. Sau da yawa tun daga gona yake shiga.

Na masara da dawa, Sitophilus zeamais, ana gane shi da dogon baki da tabo 4 masu jaja-jaja a fukafukai. Macensa na huda ƙwaya ta saka ƙwai ta toshe, shi ya sa hatsi kan yi kyau a ido alhali cikinsa ya lalace. Jajayen ƙwarin da ke cikin gari kuwa, Tribolium, hatsin da ya riga ya farfashe suke bi.

Irin wake na SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar, aka amince da shi a 2019, tsutsar Maruca ta gona yake jurewa. Ba ya hana ƙwaron rumbu.

Gaggawar zuba guba ta riga ta jawo wa ƙasa asara: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin Sniper. Wake mai irin wannan guba yana iya ƙarewa a tukunyar gida.

Buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka, mai leda biyu a ciki, yana kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, muddin hatsin ya bushe kuma an ɗaure bakinsa sosai. Isar da shi ga ƙaramin manomi a farashi mai sauƙi, da sa ido kan magungunan da ake sayarwa a kasuwa, nauyi ne da ke wuyan hukumomi.