Tasirin Abinci a Kan Sheƙa da Yankin Makwakkwafi

Binciken masana halayyar tsuntsaye ya nuna cewa yawan abinci ne ke iyakance faɗin yankin da makwakkwafi ke riƙewa. A dazuzzukan Arewacin Amurka, nau'in da ake kira Picoides arcticus yakan nufi wuraren da gobarar daji ta ci, saboda tsutsotsin ƙwaro na yawaita a cikin ƙonannun itatuwa. A jikinsu kuma yake fafe ramin sheƙarsa. Inda matattun itatuwa suka yi yawa, ƙaramin yanki ya wadace shi. Inda suka yi ƙaranci, dole ya faɗaɗa yawonsa.

A Kalifoniya kuwa, nau'in Melanerpes formicivorus rumbu yake yi. Iyali guda kan huda dubban ramuka a jikin itace, su cusa 'ya'yan itacen Quercus ɗaya bayan ɗaya. Idan ajiyar ta kai su bazara, sukan yaye 'ya'ya da yawa, kuma a shekarar yalwa har da kaka sukan yi sheƙa. Idan ta ƙare cikin hunturu, sukan bar yankin baki ɗaya.

Ke nan, sare matattun itatuwa daidai yake da raba makwakkwafi da abincinsa da mazauninsa.