Duke na Argyll: Sarauta Ba Mulki

A yammacin ƙasar Sikotland, a bakin wani dogon reshen teku da ya kutsa cikin duwatsu, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Inveraray. A nan ne fadar Torquhil Ian Campbell take, watau Duke na Argyll na 13, kuma shugaban zuriyar Campbell ta duniya baki ɗaya. An haife shi a 1968, ya gaji mahaifinsa a 2001. Wanda ya ji jerin sarautunsa sai ya zaci rabin ƙasar na hannunsa. To, amma ba haka abin yake ba.

Sarautun gado a Biritaniya hawa biyar ne. Duke shi ne a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, kana Baron, wanda a Sikotland akan ce masa Lord. Wannan bawan Allah yana riƙe da duka biyar ɗin, domin a can sabuwar sarauta ba ta shafe tsohuwa, tarawa akan yi. An naɗa kakansa Lord Campbell a 1445, gidan ya sami Earl na Argyll a 1457, ya kai ga Duke a 1701. Babban ɗansa kuwa, wanda shi ne magaji, akan kira shi Marquess na Lorne, amma aro aka ba shi daga cikin na uban. Har ila yau Duke shi ne Sarkin Gida na Sarkin Biritaniya a Sikotland, shi ne kuma Sarkin Ruwa na gaɓar yamma da tsibiranta.

Duk da haka, sunan da ya fi daraja a wurin danginsa ba wani sarki ne ya ba da shi ba. Da harshen Gelik, harshen mutanen kan duwatsu, suna kiransa MacCailein Mòr, watau ɗan Cailean Babba, wani jarumin kakansu da aka kashe a ƙarshen ƙarni na 13. Da wannan suna yake uban duk wani Campbell, ko a Kanada yake, ko Amurka, ko Ostareliya. Akwai wani alƙali a birnin Edinbara, Lord Lyon, wanda shi ke tabbatar da wanda ya cancanci shugabancin kowace zuriya.

A zamanin da, shugaban zuriya shi ne wuƙa shi ne nama. Yana yanke shari'a har ta kisa, yana tara mayaƙa. Mulkin kuwa ba ya rasa haɗari, gama an sare kan shugaban gidan a 1661, aka sare na ɗansa a 1685. Bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnati ta soke kotunan gado na shugabannin zuriyoyi, har da na Argyll, ko da yake mutanensa a ɓangaren gwamnati suka yi yaƙi. A 1999 kuma aka fitar da akasarin masu sarautun gado daga Majalisar Dattijai ta London. Yanzu Duke ba shi da kotu, ba shi da soja, ba ya karɓar haraji.

Abin da ya rage masa shi ne ƙasa, da fada, da ɗawainiyarsu. Tun 1953 aka buɗe fadar ga masu yawon buɗe ido, suna biya su shiga. Shi kansa Duke ya yi aikin albashi, yana yi wa wani kamfanin barasar wiski talla a ƙasashen waje.

To, ina amfanin sarautar da ba ta da iko? An sami amsa a 1975, sa'ad da gobara ta cinye saman fadar. Mahaifin Duke na yanzu ba shi da halin tilasta wa kowa ya ba da ko kwabo. Sai ya kai kuka ga dangi, 'yan Campbell na nesa da na kusa suka kawo gudummawa, aka gyara gidan. Doka ta karɓe mulki, amma ba ta iya karɓe zumunci ba, kuma a kansa sarautar take tsaye har yau.