Hulba Tsakanin Tukunyar Farisa da Fadamun Yawuri

Duk wanda ya ratsa kasuwar Yalwan Yawuri, ya tsaya wurin masu sayar da magungunan Musulunci, da wuya ya rasa ganin hulba an ƙulle ta a leda kusa da habbatus sauda da kanumfari, 'yan ƙwayoyinta rawaya masu tauri da kusurwa, waɗanda mata kan daka su zuba a kunun mai jego domin nono ya kawo, har a riƙa jin ƙamshinta a gumin wadda ta sha. Iyakar saninmu da ita ke nan: ƙwaya ce ta magani, baƙuwa, wadda fatake ke kawowa daga nesa.

Mutanen Farisa kuwa, waɗanda ke kiranta shambalile, ba su jahilci matsayinta a ilmin ɗibbu ba, domin Ibn Sina, wanda ya rasu a Hamadan a shekarar 1037, ya ambace ta a cikin littafinsa Alƙanun. Amma a ɗakin girki hankalinsu ya fi karkata ga ganyen. Sukan tsinke shi, su shanya, su adana, sa'an nan idan an tashi miyar da suke alfahari da ita, wato gorme sabzi, sai a soya shi tare da sauran ganyaye har ya yi duhu, a haɗa da naman rago da jan wake da busasshen lemun tsami, a ci da shinkafa. Gwanintar uwargida tana ga awon, domin in ya yi yawa ɗaci ya ɓata tukunya, in kuma babu shi miyar ba ta amsa sunanta ba.

Dalilin da ya sa na kawo wannan bayani shi ne, hulba shuka ce mai son sanyi, dangin wake ce da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyenta kuma yakan isa yanka cikin kimanin wata guda. Ga mu da fadamun Shanga da Ngaski da gaɓar tafkin Kainji, ga kuma Gungawa, waɗanda tun kafin ruwan madatsa ya ci tsibiransu a 1968 suka shahara da noman albasa da rani. A ganina, manomin da Allah ya hore wa haƙurin rainon albasa ya dace ya ware fangali ɗaya ko biyu a lokacin hunturu ya jarraba hulba. Matanmu kuwa, da suka saba shanya rama da yakuwa, adana ganyenta ba zai zame musu sabon aiki ba.