Injin Yankan Ciyawa: Kada Kallo Ya Ja Mana Asarar Ido



Da muka dawo daga dogon hutu a watan Satumba, mun tarar ciyawa ta cinye filin ƙwallo da lambun bayan azuzuwa, har ta kai mana gwiwa. Haka damina take yi duk shekara, a nan da gefen badala da maƙabartu. A da lauje da adda muke ɗauka mu kwana uku muna fama. Bana sai aka ɗauko wani mutum da injin da ake ratayawa a kafaɗa, kafin azahar ya gama. Amma ana tashi tara muka kewaye shi muna kallo, sai ji muka yi tas! Tsakuwa ta fasa gilashin tagar wani aji. Da a ce idon ɗayanmu ta samu fa? Shi ya sa muka yi wannan rubutu.

Yadda yake yanka

Da yawa cikinmu sun ɗauka wuƙa ce a bakinsa. Wanda aka kawo mana zaren roba ne mai kauri, inji yana juya shi sau dubbai a minti ɗaya. Gudun ne yake tsinke ciyawa, kuma ƙarshen zaren ne kawai yake yankan. Akwai wanda ake sa wa faranti na ƙarfe don sarar ƙananan itatuwa, shi ya fi haɗari. Duk abin da zaren ya daka, tsakuwa ko ƙusa ko fasasshiyar kwalba, sai ya cilla shi kamar majajjawa. Mai aikin yana da murfin inji da tabarau da suke kare shi. Mai kallo ba shi da komai.

Aikinmu ɗalibai

Na farko, kafin a tayar da injin mu bi filin mu tsince duwatsu, kwalabe, waya, marafan lemo da ledoji. Mu riƙe sanda muna bubbuga ciyawa, kada mu zura hannu, saboda maciji da kunama. Waya da leda suna naɗewa a kan injin su tsayar da shi. Kuma idan babu leda a ciki, masu kiwon tumaki a unguwa za su karɓi ciyawar da murna, don leda tana toshe cikin dabba.

Na biyu, da an tayar da shi mu ja baya aƙalla mita 15. Wannan ita ce tazarar da masu ƙera injin suke rubutawa, wato kusan tsawon aji biyu. Monitoci su kula da 'yan aji ɗaya.

Na uku, kada mu tunkari mai aikin ta baya. Ƙara ba za ta bar shi ya ji mu ba, yana iya juyowa da injin. Mu tsaya daga nesa inda zai gan mu, mu ɗaga hannu, mu jira ya kashe.

Na huɗu, wannan ba aikin yara ba ne. Ko an ajiye shi kada mu taɓa, salansarsa tana ƙuna.

Shi kuma mai aikin

Ya sa tabarau, abin toshe kunne, dogon wando da takalmi sau-ciki. Ban da silifas, ban da babbar riga mai reto. Kada ya cire murfin da ke bayan zaren. Yawancin irin wannan inji fetur ɗinsu gauraye yake da baƙin mai, kamar ƙaramin janaretan gidajenmu, kuma ma'aunin yana cikin takardar da ta zo da shi. Ba a ƙara mai sai an kashe ya huce. Ya riƙe da hannu biyu, kan injin yana ƙasa, yana kai shi dama da hagu a hankali. Doguwar ciyawa daga sama ake fara rage ta. Gindin dashen darbejiya da mangwaronmu kuwa a bar mana mu cire da hannu, domin idan zaren ya saɓule ɓawo ya zagaye, bishiyar bushewa za ta yi.

Idan tsautsayi ya faru

Idan wani abu ya shiga idon ɗan uwanmu, kada ya murza, kada mu yi ƙoƙarin zaro shi, kada a ɗiga wani magani na gida. A rufe idon ba tare da dannawa ba, a gaya wa malami, a wuce asibiti nan take. Asibitin Murtala yana nan kusa da Ƙofar Mata.

Muna roƙon shugaban makaranta, idan za a sake yankan, a sanar a asambili, ko a sa shi ranar Asabar lokacin da babu kowa. Gilashi an riga an canza shi, ido kuwa ba a sayar da shi a Kasuwar Kurmi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare.