Me Ya Sa Manya Suke Cika Gasar Yara?

A watan Satumba na shekarar 2018 an shirya gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Yamai, don zaɓen ƙasar da za ta wakilci wannan ɓangare na Afirka ta Yamma a gasar nahiya. Ƙungiyar Jamhuriyar Benin ta je, amma ko wasa ɗaya ba ta buga ba. Likitoci sun ɗauki hoton ƙashin hannun 'yan wasanta, suka ce 10 daga cikinsu sun wuce shekarun da aka ƙayyade, aka kori ƙungiyar gaba ɗaya. Da suka koma Kwatano aka gurfanar da su gaban kotu. A watan Oktoba aka yanke wa 'yan wasan ɗaurin wata 6, aka jingine 5. Tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Anjorin Moucharafou, shi ma an yanke masa ɗauri.

Ba Benin ce ta fara ba. Tun a 1989 FIFA ta dakatar da ƙungiyoyin matasan Nijeriya na shekara 2 saboda saɓani a shekarun haihuwar wasu 'yan wasanta. A 2016 kuwa, 'yan wasa 26 na sansanin Nijeriya suka faɗi gwajin ƙashi ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da ita.

Dalili na farko takarda ce. A ɗauki yaron da aka haifa a gida a Toumboutou, wani gari a gundumar Malanville kusa da Kogin Kwara (ba Timbuktu ta Mali ba). Mai yiwuwa ba a rubuta haihuwarsa ba sai ranar da aka bukaci takarda don makaranta. A ƙasashen da Faransa ta mulka, kotu ce take ba da takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, bisa maganar shaidu. A Nijeriya rantsuwa ake yi. Ta kowace hanya dai, baki ne yake faɗin shekarar, alƙalami ya rubuta. Mai son rage shekara 3 ba ya shan wahala.

Amma wannan bai bayyana abin da 'yan kallo suka fi lura da shi ba, wato yadda ƙattin suke ƙaruwa yayin da gasa take matsowa ƙarshe. Wannan aikin tankaɗe ne. A ce ƙungiya 16 suka shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale, 3 kawai suka sako manya. A zagayen farko ba za su yi yawa a ido ba. To amma ɗan shekara 20 ya fi ɗan 16 ƙarfin ƙirji da sanin wasa, saboda haka waɗannan 3 ba su cika faɗuwa ba. Kafin a kai wasan kusa da na ƙarshe, mai yiwuwa su ne 3 daga cikin 4 da suka rage. Mai kallo sai ya ɗauka kowa maguɗi yake yi, alhali masu gaskiyar sun riga sun koma gida. Mai horarwar da ya ga haka, baɗi shi ma sai ya nemo nasa ƙattin.

Akan ɗora laifin a kan talauci da burin zuwa Turai, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai abin yana faruwa ko inda babu kuɗi. A Amurka, hukumar tanis ta ƙasar tana raba 'yan wasan sha'awa aji-aji bisa gwaninta: 3.0, 3.5, 4.0, har sama. Sabon shiga shi yake faɗin ajinsa da kansa. Wanda ya dace da 4.0 idan ya ce shi ɗan 3.5 ne, ƙungiyarsa ta tsinci dami a kala, kuma irinsa ne ake yawan gani a wasannin ƙarshe. Kwamfuta tana bin sakamakonsa. Idan ya zarce ajin ƙwarai har sau 3, sai a cire shi.

A ƙwallon ƙafa kuwa ƙashi ake tambaya. FIFA ta fara amfani da na'urar MRI a gasar duniya ta 2009 da aka yi a Nijeriya, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano. Ana duba wuyan hannu, inda ƙashi yake da wani guringuntsi da ke rufewa idan girma ya tsaya. Matakai 6 ne. Wanda ya kai na 6 ba ya bugawa. Gwajin ba ya faɗin shekaru, balagar ƙashi yake nunawa. Akwai yaron da nasa ya rufe da wuri, a kore shi da takardarsa ta gaskiya a hannu, akwai kuma ɗan 19 da nasa bai rufe ba, ya wuce abinsa.